Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago Kan Haƙƙin Ma'aikatan Da Ake Ragewa Daga Aiki

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin wata masana'antar robobi ne a Kano, kuma na taɓa riƙe muƙamin sakataren reshen ƙungiyar ma'aikata a wurin. Ina magana ne a madadin abokan aikina da aka sallame mu tare da sunan rage ma'aikata, da takwarorinmu na Sharaɗa da Bompai da Chalawa, da na Kakuri a Kaduna, da kuma waɗanda suke bakin aiki har yanzu amma gabansu ke faɗuwa duk sa'ad da aka ce manaja ya kira taron gaggawa. Na rubuto a fili, kuma da Hausa, domin akasarin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa ganin Dokar Ƙwadago da idonsu ba, alhali ya kamata su san abin da ta tanadar musu da abin da ta yi shiru a kai.

Kada a ɗauka mun zo cewa a hana kamfani rage ma'aikata. Mu da muke cikin masana'antun mun fi kowa sanin halin da suke ciki. A gabanmu aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira ta zube, kuɗin shigo da kayan aiki ya ninka. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, daga naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya. Manyan kamfanoni irin su GSK da Procter & Gamble ma a 2023 suka sanar da sauya tsarin harkokinsu a ƙasar nan, suka koma shigo da kaya. Mun ga injinan da aka lulluɓe da tamfol saboda ba za a iya ciyar da su wuta ba. Wanda ba ya sayar da kaya ba zai ci gaba da biyan albashin mutum ɗari biyar ba, wannan ba ya buƙatar gardama. Kukanmu shi ne yadda ake rabuwar, da abin da ma'aikaci yake fita da shi a hannu.

Ƙorafinmu na farko, wanda shi ne uwar sauran, yana kan sashe na 20 na Dokar Ƙwadago, dokar da asalinta na soja ne tun 1974, zamanin Janar Gowon. Abu uku sashen ya ɗora wa mai kamfani idan zai rage ma'aikata. Ya sanar da ƙungiya ko wakilan ma'aikata dalilin ragin da yawan waɗanda zai shafa. Ya fara da waɗanda aka ɗauka daga baya, tare da duba ƙwarewa da ƙwazo da riƙon amana. Sannan ya yi iya ƙoƙarinsa wajen tattaunawa kan kuɗin sallamar da za a biya. Iyakar abin ke nan. Dokar ba ta ce ga kwana nawa kafin ragin za a sanar da ƙungiya ba, don haka wanda ya sanar da yamma ya kori mutane da safe bai karya ta ba. Ba ta ce a sanar da ofishin ƙwadago ba. Mafi muni, ba ta yanke ko sisin kwabo a matsayin mafi ƙarancin abin da za a biya ba. Ƙoƙari kawai ta nema, kuma mai kamfani shi ne zai faɗi iyakar ƙoƙarinsa.

Waɗanda suka rubuta dokar sun san da wannan giɓi. Shi ya sa a ƙaramin sashe na 2 suka ba Ministan Ƙwadago ikon fitar da ƙa'idojin da za su wajabta biyan kuɗin sallama ga wanda aka rage. Ranka ya daɗe, ministoci sun zo sun wuce, na soja da na farar hula, amma har yau ba a fitar da waɗannan ƙa'idoji ba. Wannan aiki ba ya jiran Majalisa, ba ya jiran gyaran tsarin mulki. Yana kan teburinku.

Bari in faɗa muku yadda abin yake a ƙasa. A wurinmu, wata safiyar Litinin muka tarar an rufe babbar ƙofa, an bar ƙaramar, mai gadi yana tsaye da takarda a hannu. Duk wanda ya zo sai ya faɗi lambarsa, a duba. In tana ciki, a karɓe katin shaidarsa a ce ya jira a waje. Akwai wani dattijo mai kula da injin narka roba, wanda rabin samarin da ke wurin shi ya koya musu aiki. Da aka ce lambarsa tana ciki bai yi musu ba, sai ya roƙi a bar shi ya shiga ya ɗauko maganinsa na hawan jini da dardumar sallarsa a cikin loka. Mai gadin, wanda sa'ar ɗansa ne, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, umarni aka ba ni." Daga baya shi ya shiga ya kwaso masa kayan a cikin baƙar leda, ya miƙo ta saman ƙofa.

Da muka zauna da hukumar kamfanin, an kawo mana ruwa da lemo, an nuna mana takardun asara. Tayinsu shi ne albashin wata guda ga kowa, da sharaɗin a sa hannu cewa ba a bin kamfani komai. Da muka ta da jijiyar wuya, lauyansu ya buɗe dokar ya karanta mana sashe na 20 a natse. Ya ce an sanar da ku, an zauna da ku, an yi muku tayi, me ya rage? Na dawo gida na karanta sashen da kaina, na ga mutumin bai yi mana ƙarya ba. Da doka aka sallami dattijon nan da albashin wata ɗaya.

Watan nan guda ma ba kyauta ba ne, kuɗin notis ne da sashe na 11 ya tanada. Ga yadda yake, don ma'aikata su sani: wanda bai wuce wata uku a aiki ba, notis ɗinsa kwana ɗaya ne. Wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. Daga nan ba ya ƙaruwa. Mai shekara biyar da mai shekara ashirin da biyar duk ɗaya suke a idon doka, sai fa in akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiya da kamfani, ko takardar ɗaukar aiki ta faɗi wani abu daban.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Kenya, dokar aiki ta 2007 ta wajabta a ba ƙungiya da jami'in ƙwadago sanarwar wata guda, kuma a biya wanda aka rage aƙalla albashin kwana 15 a kan kowace shekarar da ya yi. Mai shekara ashirin zai tashi da kuɗin kwana 300, kusan albashin wata goma. A Afirka ta Kudu mafi ƙaranci shi ne albashin mako guda a kan kowace shekara. A Ghana, dokar ƙwadago ta 2003 ta ce sai an rubuta wa babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikata wata uku kafin ragin, in kuma aka kasa daidaitawa kan kuɗin, akwai hukumar da ake kai wa ta yanke. Maƙwabtanmu Nijar da Kamaru sun rattaba hannu kan Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi sallama daga aiki, tun a shekarun 1980. Nijeriya ba ta sa hannu ba. Su ma ƙasashen nan suna da masana'antun da ke kuka da tsadar wuta da haraji, amma ba su bar ma'aikacinsu ga tausayin mai gida kaɗai ba.

Na biyu shi ne yadda ake wasa da ƙa'idar fara sallamar na baya. Tunda doka ta ce a duba ƙwarewa da ƙwazo, kuma kamfani ne alƙalin hakan, sai ka ga jerin sunayen ya cika da tsofaffin ma'aikata masu albashi mai ɗan kauri, da shugabannin ƙungiya, da matan da suka dawo daga hutun haihuwa, da duk wanda ya taɓa ɗaga murya kan rashin safar hannu ko takunkumin hanci. Bayan 'yan makonni kuma injinan su tashi, a kawo yara ta hannun ɗan kwangilar samar da ma'aikata, a riƙa biyansu kullum-kullum, ba fansho, ba asibiti, ba hutu. Wani lokaci ma wanda aka sallama shi ake sake kira, ya dawo kan injinsa na da a matsayin ɗan wucin gadi. Doka ta ce rage ma'aikata shi ne rasa aiki na dindindin saboda hannaye sun yi yawa. Idan gurbin yana nan har an sa wani a ciki, to hannaye ba su yi yawa ba, albashi ake gudu. Wata dabarar kuma ita ce a kira mutum ofis a ajiye masa takardar ajiye aiki a ce ya sa hannu don kada a ɓata masa suna. Da ya sa, shi ke nan, a rubuce shi ya tafi da ƙafarsa.

Na uku a taƙaice. Sashe na 91 ya fitar da masu aikin gudanarwa da na zartarwa da ƙwararrun ma'aikata daga cikin waɗanda dokar take kira ma'aikata. Wato akanta da injiniya da jami'in banki, ko ɗan abin da ke cikin sashe na 20 ba lallai ya same su ba, sai abin da takardar ɗaukar aikinsu ta ce. Mutane na ganinsu da kwat suna zaton sun tsira, alhali da saƙon imel ɗaya ake rufe musu kwamfuta, ga bashin gida ko na mota da bankin da kansa ya ba su, wanda za a zare daga ɗan abin da ya rage.

Na huɗu shi ne fansho, kuma a nan ne ciwon ya fi zurfi, domin kuɗin ma'aikaci ne na kansa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa cikin kwanakin aiki bakwai da biyan albashi. Ta kuma yarje wa wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, idan ya yi wata huɗu bai sami wani ba, ya ciri har kashi 25 na abin da ke asusun. A takarda wannan tanadi ne mai kyau. Amma mutum zai daure wata huɗun nan da bashin mai shago da na makarantar yara, ya je ofishin kamfanin fansho, a buga masa bayanin asusu, sai ya tarar an daina zuba kuɗin tun da daɗewa, alhali kowane wata takardar albashinsa tana nuna an cire. Sannan a ce ya koma wurin tsohon kamfaninsa ya karɓo takardar shaidar cewa an zuba komai. Wane kamfani? Wanda ya karɓe masa kati a bakin ƙofa? Dokar ta tanadi tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba kan kuɗin da aka riƙe, kuma hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, tana da masu bin irin wannan bashi. Sai dai kafin a zo kan ƙaramar masana'anta a Sharaɗa, mai ita ya sayar da injina ya mai da wurin sito. Shi kuma mai shekara 50 zuwa sama da aka rage, a lissafi ya yi ritaya ke nan, ko da autansa yana firamare.

Katin asibiti kuwa ranar da aka sallame ka yake mutuwa. Mai ciwon suga da matar da cikinta ya tsufa duk a ranar suke komawa biya daga aljihu. Asusun NSITF, da kamfanoni ke zuba wa kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ƙarƙashin dokar 2010, na wanda ya ji rauni ne ko ya mutu a bakin aiki. Babu wani asusu a ƙasar nan da yake riƙe wanda ya rasa aiki ko na wata guda.

Na biyar shi ne idan kamfanin ya rufe baki ɗaya. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a ba mu labari. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta tsaya a 2002, kuma ma'aikatanta sun kwashe shekaru fiye da goma suna zanga-zanga da rubuta wasiƙu zuwa ga gwamnonin jihohin Arewa 19 da suka mallake ta, suna neman haƙƙinsu. Da yawa sun rasu suna jira, matansu da 'ya'yansu suka gaji zaryar. Kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways ya daina tashi a 2003, amma sai a 2018 gwamnatin tarayya ta saki sama da naira biliyan 22, kusan rabin abin da tsofaffin ma'aikatansa ke bi. Shekara 15 ke nan. Idan kamfanin da gwamnati ke da shi ya yi haka, da wane baki za a tsawata wa ɗan kasuwa? Dokar kamfanoni ta sa albashin ma'aikata cikin basussukan da ake fara biya idan an rushe kamfani, amma masana'antunmu ba a cika rushe su a gaban kotu ba. Kwaɗo kawai ake sa wa ƙofa, ciyawa ta fito.

Za a ce mu je kotu. Gaskiya ne gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa cikakken iko kan rigingimun aiki, tana da rassa a Kano da Kaduna, kuma alƙalanta sun sha yanke hukuncin da ya share wa ma'aikata hawaye. Amma wanda aka sallama da albashin wata ɗaya, da me zai ɗauki lauya? Kamfani yana iya jure ɗage shari'a da ɗaukaka ƙara, mai iyali ba zai iya ba. Shi ya sa mafi yawanmu suke sa hannu su karɓi abin da aka ba su. Inda kuma ma'aikata suke da yawa da ƙarfi, sai a koma yajin aiki, kamar yadda aka gani a Kaduna a watan Mayun 2021, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta tsayar da wuta da jirgin ƙasa da asibitoci bayan gwamnatin jihar ta sallami dubban ma'aikata. Talakan da ba ruwansa da rigimar shi ya kwana a duhu. Da akwai ƙa'idar da kowa ya san ba a tsallake ta, da rabin irin wannan rigima ba ta taso ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku yi amfani da ikon da ƙaramin sashe na 2 na sashe na 20 ya ba ku, ku fitar da ƙa'idar da za ta yanke mafi ƙarancin kuɗin sallama a kan kowace shekarar aiki. Ku zaunar da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA a yi ciniki kan adadin. A ra'ayina bai kamata ya gaza na Kenya ba, amma ko nawa aka tsayar ya fi babu. Wannan ma gata ne ga kamfanonin kirki, waɗanda suke biyan mutanensu da mutunci suna gasa da masu kora kyauta. Wanda ya san zai biya, zai riƙa ware kuɗin tun kasuwa tana tafiya.

A cikin ƙa'idar a wajabta rubuta wa ƙungiya da ofishin ƙwadago na jiha aƙalla wata guda kafin a sallami kowa, tare da jerin sunaye da shekarun aikin kowane mutum da dalilin zaɓensa, kuma jami'in ƙwadago ya halarci zaman. Kada a amince da ragin sai kamfani ya nuna shaidar cewa ya zuba kuɗin fanshon waɗanda abin ya shafa har zuwa watan ƙarshe, ya biya bashin albashi da kuɗin hutun da ba a ci ba, ya kuma miƙa wa kowa takardar sallama da ta shaidar aiki a hannu. Idan aka cike gurbin wanda aka rage cikin shekara guda, ko da ta hannun ɗan kwangila ne, a fara neman mai gurbin, a kan albashinsa na da.

Abin da ya fi ƙarfin ofishinku ku kai shi Majalisar Tarayya da kanku, ku tsaya a kai. Tun zamanin mulkin Obasanjo ake maganar ƙudurorin sabunta dokokin ƙwadago, mun gaji da gafara sa ba mu ga ƙaho ba. A gyara sashe na 91 ya game duk mai karɓar albashi. A kafa asusun da zai biya ma'aikata haƙƙinsu idan kamfani ya durƙushe, daga baya asusun ya bi kadarorin kamfanin. A bar wa wanda aka rage katin asibitinsa na wasu watanni. Ku kuma gabatar wa Majalisar Zartarwa batun sa hannu kan Yarjejeniya ta 158.

Roƙo na ƙarshe ba ya cin kuɗi mai yawa. Ma'aikatarku ta buga sashe na 11 da na 20 da tanadin kashi 25 na fansho da Hausa da sauran harsunan ƙasar nan, a liƙa a ƙofar kowace masana'anta tare da adireshin ofishin ƙwadago mafi kusa, a kuma karanta a gidajen rediyo. A rubuta a ciki ɓaro-ɓaro cewa babu wanda za a tilasta wa sa hannu kan takardar ajiye aiki ko ta yafe haƙƙi a ranar da aka miƙa masa ita, yana da damar ya tafi da ita gida ya nuna wa wanda ya iya karatu.

A shirye muke mu zo Abuja, ko mu tarbi wakilanku a ofishin ƙwadago na Kano, da takardun albashinmu da bayanan asusun fanshonmu, a duba a gani.

Allah Ya ƙara wa Minista lafiya, Ya yi muku jagora.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon ma'aikacin masana'anta, a madadin abokan aikinsa da aka rage,
Kano.